Shirun Mutane Dubu

Ya ku 'yan makaranta, kun sha jin an ce gani ya kori ji. To, ga labarin abin da na gani a St Andrews, wani ƙaramin gari a bakin teku a ƙasar Sikotlan, ran Lahadi 17 ga Yuli, 2022, ranar ƙarshe ta babbar gasar golf da ake kira Open. A 1860 aka fara ta, wannan kuwa shi ne karo na 150. Mutum wajen 290,000 suka je kallo cikin makon.

Wani dattijo da na ke haya a gidansa sa'ad da na ke karatu can, shi ya matsa mini in bi shi. Ni kuwa da ma na ɗauki wasan nan aikin marasa abin yi ne.

Ga yadda ake yinsa. Akwai ramuka 18 a warwatse cikin wani makeken fili. Kowane ɗan wasa yana da ƙwallonsa wadda ba ta kai ƙwan kaza girma ba, da sanduna waɗanda ba su wuce 14 ba. Zai yi ta bugun ƙwallon har ta faɗa rami, fāɗinsa inci huɗu da kwata, sa'an nan ya nufi na gaba. Kwana huɗu ana zagayen filin, wanda bugunsa ya fi na kowa kaɗan shi ya ci.

Zuciyar 'yan kallo duk tana wajen Rory McIlroy, mutumin Ailan ta Arewa, wanda rabonsa da cin babbar gasa tun 2014. Da safen nan shi da Viktor Hovland ke kan gaba, sun ba na bayansu ratar bugu huɗu. Kafin azahar ni ma na zama nasa, ko da ya ke ban taɓa riƙe sandar golf ba.

Muka sami wurin zama kusa da rami na 17, wanda ya yi suna wajen wuya, don hanya ta bi ta bayansa, ga kuma wani gurbin yashi mai zurfi a gabansa. Muna nan sai allon lissafi ya soma sākewa. Wani saurayi daga Ostareliya, Cameron Smith, ya rage bugu ɗaya ɗaya a ramuka biyar a jere, daga na 10 zuwa na 14, har ya shige gaban McIlroy da bugu guda.

Can sai ga shi ya iso gabanmu. Ƙwallonsa ta tsaya a mugun wuri, gurbin yashin nan na tsakaninta da rami. Na ce a raina, madalla, yau ta ƙare masa. Ya gangaro da ita ta gefen gurbin, ta tsaya kamar taku uku ko huɗu daga ramin. In ya kuskure bugun da ya rage, sun yi kunnen doki da gwaninmu.

Masu tsaron fili suka ɗaga hannu. Nan take wuri ya yi tsit, ba ka jin kome sai iska da kukan tsuntsayen teku. Ba zan ɓoye muku ba, wani tunani ya zo mini: tari ɗaya tak ya isa ya karkatar da hannunsa, kuma wa zai ce da gangan na yi? Har na buɗe baki, sai na ji hannun dattijon a kan gwiwata. Bai dube ni ba. Na haɗiye.

Ƙwallo ta faɗa rami. Mutanen nan da ba su so ta faɗa ba suka tashi suna tāfi. Smith ya gama da bugu 268, Cameron Young 269, McIlroy 270.

A hanyar komawa gida na ce, "Baba, ai kai ma McIlroy ka ke so. Me ya sa ka hana ni?"

Ya ce, "Ɗana, in da tarinka ya ba shi kofin, da na wane ne kofin, nasa ko naka?"

Ban sami amsa ba, har yau kuwa kunya ba ta sake ni ba. Ba a tilasta wa mutanen nan yin shiru da bulala ba, masu tsaro kaɗan ne, su kuwa dubbai. Kowa ya kame bakinsa ne don a bar abokin hamayya ya nuna iyakar iyawarsa.

Ku ma kuna da irin wannan fili. Ran jarrabawa, ko ran da makarantarku ta kara da wata a ƙwallon ƙafa, zarafi zai zo da za ku iya taɗe wanda ya fi ku, ba mai gani. Ku tuna da rami na 17. McIlroy ya yi haƙuri, a 2025 ya ci gasar Masters a Amurka da hannunsa, ba da tarin kowa ba.