Wata Guda a Garin Albasa

Shekara 32 na yi ina aikin jinya kafin in yi ritaya. Watanni shida na farko na more barci, a na bakwai zaman gida ya fara cina. Maiɗakina ce ta riga ni gajiya. Ta ce, "Malam, tun da hannun bai mutu ba, ka nema masa inda zai yi amfani." A haka wani tsohon abokin aiki ya ba ni labarin asibitin mishan da ke Galmi a Jamhuriyar Nijar, inda masu sa kai ke zuwa daga ƙasashe daban-daban. Na rubuta, aka amsa, na haɗa jakata a wani watan Fabrairu, tun kafin rufe-rufen iyakar da aka sha fama da su a shekarun baya-bayan nan.

Na bar Kano da wani tunani a raina: ƙasar Hausa ce, ni Bahaushe ne. Turawa su ne baƙi a can, ni kuwa gida zan je.

Daga Katsina muka nufi Jibiya, muka tsallaka a Magama, sai Ɗan Isa. Nan aka fara sauke mini girman kai. Wani yaron mota ya karɓi jakata ya ce, "Mushe, ina zuwa?" Na daka masa harara. Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Yi haƙuri, ba gawar jaki yake nufi ba. Nan haka ake girmama ɗan boko, daga Faransanci ne." Da na tsaya sayen ruwa da ƙuli-ƙuli, mai tallar ta ce dala ɗari. Na miƙa mata sefa ɗari, ta dube ni kamar mai tausayi. Ashe dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma dubu. Ban yi awa guda da shiga ba an yi mini gyara sau biyu a harshen uwata.

Kafin Maraɗi muka wuce Danja, inda mishan ɗin SIM ke da asibitin kutare tun shekarun 1950, kuma a 2012 aka buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a gefensa. Na kwana a Maraɗi, da safe na hau motar yamma: Tsibirin Gobir, Gidan Runji, Madawa.

Abin da ya riƙe idona a hanyar nan bishiyoyi ne. Na zaci fili zan gani fetal, sai ga gonaki cike da gawo da kalgo da sabara, ba a jere ba, nan ɗaya can biyu. Na tambayi manomin da ke kusa da ni wa ya dasa su. Ya ce, "Ba dashe ba ne. Kututture ne muka daina kashewa." Labarin ya samo asali ne daga wani ɗan mishan masanin noma, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, rana da iska da awaki suna gamawa da su. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne, tohon tsofaffin bishiyoyi ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Dabarar ita ce a zaɓi reshe mafi ƙarfi, a rage sauran, a bar shi ya tashi. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da wannan aiki, daga baya manoma suka ɗauka da kansu, maƙwabci na koya wa maƙwabci. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da ta farfaɗo ta haka a Nijar, kuma a 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Na saurari labarin a matsayin na ɗebe kewar hanya. Ban san da ni yake ba.

Hanci ne ke fara isa Galmi kafin ido. Albasa ko'ina: a buhuna bakin titi, a cikin rudun da ake adana ta, a kan manyan motocin da za su kai ta Gana da Kodebuwa. Jar albasar nan da ta ɗauki sunan garin ta fi garin kansa shahara. Asibitin yana nan tun 1950, a jihar Tawa, kimanin kilomita 500 gabas da Yamai, da ɗan filin saukar ƙaramin jirgi a gefe. Marasa lafiya na zuwa daga ƙauyukan Adar da Gobir, Buzaye daga arewa, har da mutanenmu na Sakkwato da ke tsallakowa ta Illela da Birnin Ƙonni. Masu jinya kuwa sun kafa nasu garin a waje, kowa da murhunsa da tabarmarsa.

Aka ba ni ɗaki a unguwar ma'aikata. Maƙwabtana sun fito daga Amurka, Ostareliya, Suwizalan da Koriya. Na ɗauka albashi mai tsoka ne ya kawo su. Ashe majami'unsu da abokan arzikinsu na gida ne ke tara musu kuɗin guzuri wata-wata, shi ya sa da dare za ka tarar da likitan da ya wuni yana fiɗa yana rubuta wa masu tallafa masa wasiƙa. Wasu sun kai manyan 'ya'yansu makarantar kwana a Yamai, ba sa ganinsu sai hutu. Ƙura na shiga har cikin buroshin haƙori. Akwai kuma zancen da ba a cika yi da ƙarfi ba: a Oktoban 2016 an sace wani Ba'amurke mai aikin agaji, Jeffery Woodke, a Abalak cikin wannan jiha, kuma lokacin da na je yana hannu, sai a Maris na 2023 ya kuɓuta. Duk da haka ana dariya a teburin cin abinci, ana musu kan wanda ya fi iya tuƙa tuwon gero. Kasadar ba sabuwa ba ce a mishan ɗinsu: cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893 suka kafa SIM, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a shekarar da ta biyo, Rowland Bingham kaɗai ya saura.

A mako na biyu aka kawo wani yaro ɗan shekara tara, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Taifot ce ta huda masa hanji, abin da ake gani a nan kusan kullum saboda ruwan sha. Na tambayi uban kwana nawa, ya ce sha biyu. Raina ya ɓaci. Na buɗe baki irin yadda muka saba a birni: "Kwana sha biyu? Jira kake ya mutu?" Mutumin ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba.

Sai ga wata likita Baturiya, wadda ta fi shekara ashirin a garin. Ta sa aka wuce da yaron a fara ƙarin ruwa, ita kuwa ta durƙusa kusa da uban. "Baba, ina kwana? Ina gajiya? Yaya mai jiki? Kun zo lahiya?" Da harshen Adarawa take magana, har da "h" ɗinsu a gurbin "f". Sai da gaisuwa ta ƙare ta ce, "A amalanke kuka zo?" Nan bakin mutumin ya buɗe. Ƙauyensu babu mota sai ranar kasuwa. Kuɗin hannunsa sun ƙare wurin mai sayar da ƙwayoyi. Akuya ɗaya ta rage masa, ita ma sai ranar kasuwa za ta sayu. Ya tambayi bashi gida uku, ya kwana biyu a hanya da yaron a kan cinyarsa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Muna wanke hannu kafin fiɗa ta ce, "Malam, shekarata ta farko ni ma haka na yi ta yi. Wata tsohuwa mai shara ce ta koya mini gaisuwa." Kunya ta kama ni har wuya. Ni ne mai Hausa, ita ce ta san mutanen.

Daga ranar na fara duban waɗanda na yi ta wucewa ba tare da na gan su ba. Turawa kaɗan ne. Asibitin a kafaɗar 'yan ƙasa yake, ma'aikatan jinya, ungozomai, masu awon jini, masu fassara zuwa Buzanci da Fillanci, da likitocin Afirka da ke koyon fiɗa a wurin. Na bi wata ma'aikaciyar lafiya zuwa ƙauye awon yara. Ƙarƙashin bishiyar bedi muka shimfiɗa tabarma, tana zagaya ɗan ƙyallen awo a damtsen kowane yaro. In ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5, sai a tura shi sashen masu tamowa. Ta san wadda aka yi wa kishiya, ta san wadda mijinta ya tafi cin rani Abijan bai aiko ba. Ba ta kawo musu wani baƙon abinci ba. Gero, gyaɗa, wake da zogale, abin da ke cikin gidajensu, shi ta nuna musu yadda za a haɗa a kunu. Sai maganar manomin mota ta faɗo mini: ba dashe ba ne.

Batun addini ba a ɓoye yake ba. Da safe ma'aikata na taruwa su yi addu'a, ana karanta Bishara da Hausa, mai so ya saurara. Marasa lafiyar kuwa kusan duka Musulmi ne, lokacin salla na yi za ka ga sahu a inuwar katanga. Na tambayi wani malamin allo da ke jinyar ƙaninsa ko abin na damunsa. Ya ce, "Mun san abin da ya kawo su, su ma sun san abin da muke kai. Shekara nawa muna tare? Wuƙarsu ba ta tambayar addinin ciki." Ni da na tashi Kirista a tsakiyar dangi Musulmi, na gane irin wannan zaman, mai gaskiya a fili da kunya a tsakani.

Yaron ya sha fiɗa sau biyu. Kullum da asuba nakan je in wanke masa ciwon, kuma kafin in taɓa bandeji sai na durƙusa na gai da ubansa gaisuwa cikakkiya. Kwana huɗu yana amsawa a taƙaice. A na biyar ya matsa mini gefen tabarma, ya miƙo ƙwaryar hura.

Ranar da zan tafi, Hausawa sun yi gaskiya da suka ce baƙo raɓa ne: wata guda bai isa a ce mutum ya yi wani abu ba. Likitar tana ɗakin fiɗa, ko sallama ba mu yi ba. Ina jiran mota bakin titi sai ga uban yaron da ɗan ƙunshi a leda, albasa guda bakwai, na san kuma saye ya yi, don ba ya noma ta. Na so in ƙi karɓa, na tuna abin da akuyarsa ta zama. Sai na ga idonsa, na sa hannu biyu.

"Mushe," in ji shi, "ka gai da mutan gida. Yaushe za ka komo?"

Na ce, "In Allah ya yarda, bayan damina, Baba."

Ya girgiza kai. "Da damina za ka zo. Lokacin ne zazzaɓi ke kwashe yara."

Har muka wuce Madawa ina lissafin yadda zan faɗa wa maiɗakina cewa gonarmu ta bana sai dai a ba ƙanina ya noma.