Shirwa da Jirgin Alhazai: Ziyara Zuwa Ambursa

Filin jirgin saman da ya fi kusa da mu mutanen Kambaza, Gwandu da Kalgo shi ne na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Yawancin shekara wurin shiru yake. Amma idan lokacin tashin maniyyata ya zo, sai ka rantse kasuwar Jega ce ta taso ta dawo nan. Daga wannan fili ne jirgin farko na alhazan Nijeriya na shekarar 2024 ya tashi, ranar 15 ga Mayu, kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ne ya zo ya ƙaddamar.

A irin wannan lokaci muka je, mu da wasu abokai, cikin ayarin rakiyar wata innarmu. 'Yan rakiya ba sa shiga ciki. A waje ake tsayawa, wasu a inuwar mota, wasu a kan tabarma, kuma maniyyaci ɗaya sai ya zo da mota biyu cike da dangi. Inda jama'a suka taru kuwa masu talla ba sa jiran gayyata: ga masa, ga tsire, ga shinkafa da wake, ga ruwan leda mai sanyi. Kafin la'asar ƙasa ta cika da leda, ƙasusuwa da ragowar abinci. Da muka ɗaga kai, sai ga shirwa uku suna shawagi, hankaki kuma suna jira a gefe.

A gida shirwa ɓarauniyar 'yan tsaki ce kawai. A filin jirgi ta wuce haka. Injin jirgi yana zuƙar iska da ƙarfin gaske, musamman lokacin tashi, kuma duk abin da ya gitta gabansa ciki zai faɗa. Tsuntsu ɗaya yana iya lanƙwasa fukafukan farfelar da ke cikin injin, garke kuma yana iya kashe shi ɗungurungum. Haka ya faru a Amurka ranar 15 ga Janairu, 2009: jirgi ya ci karo da garken agwagin daji jim kaɗan bayan tashinsa, injinansa biyu suka mutu, matuƙin ya sauke shi a kan kogin Hudson. Mutum 155 ne a ciki, Allah ya sa duk suka tsira. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba da shawarar kada a kafa juji cikin kilomita 13 daga filin jirgi. Ku auna wannan tazara a ranku: ta haɗa da ƙauyuka, gonaki, mahauta da kasuwanni da yawa. Ga mu kuma a ƙasar shinkafa da fadama, inda balbela da jan-baki ba baƙi ba ne. Tsuntsayen da muke da su sun isa, ba sai an kira wasu da ƙashin tsire ba.

Ledar ma ba ta zama inda aka yar da ita. Iska ce ke ɗaukarta, kuma shingen waya bai cika tare ta ba. Ma'aikatan filayen jirgi a ko'ina suna bin titin tashi da sauka suna tsince duk wani tarkace, komai ƙanƙantarsa. Suna da dalili. Ranar 25 ga Yuli, 2000, jirgin Concorde ya taka wani siririn ƙarfe a kan titi a Faris, tayarsa ta fashe, tankin mai ya huje, wuta ta kama. Mutum 113 suka rasu.

Akwai kuma hayaƙi, wanda shi aikin hukumomi ne da kamfanoni. Jirgin da ke tsaye yana jiran fasinja yakan bar wani ƙaramin inji a wutsiyarsa yana aiki don fitilu da sanyaya ciki, yana ƙona mai alhali bai je ko'ina ba. Filayen da suka ci gaba suna jona masa lantarki daga ƙasa a kashe injin. Filin jirgin Kochi na Indiya ya koma amfani da hasken rana gaba ɗaya tun 2015. Wanda ya taɓa tsayawa a Ambursa da azahar a watan Afrilu ya san rana ba za ta yi mana rowa ba.

Shara dai ta fi kusa da hannunmu. A ganinmu ba adalci ba ne dubban mutane su ci su watsar, a bar wa 'yan tsirarun masu shara, alhali iyayenmu da kakanninmu ne a cikin jirgin da zai ratsa ta saman wurin. Ƙannenmu, da yawanku za ku shiga motar rakiya a Hajjin baɗi. Ku roƙi Inna tsohon buhun shinkafa guda, ku sa a but. Ledar ruwa, ƙashi da ragowar tuwo duk su shiga ciki, a ɗaure bakinsa da kyau, a dawo da shi gida a motar da aka je da ita. Masu ƙungiyar tsabtace muhalli a makaranta kuma su tuntuɓi malaminsu tun yanzu, ya nema musu izinin zuwa da buhuna a ranakun tashin maniyyatan ƙaramar hukumarsu.