Daga Majigi Zuwa Gidan Kallo

Mutumin Ƙaraye ko na Rogo majigi ya fara sani kafin silima. Motar hukuma kan zo, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna fim na noma ko tsabta, kowa ya kalla kyauta. Silima kuwa ta birni ce, kuma ta Kwarori. Su ne suka buɗe Rex a Kano a 1937, sa'an nan aka buɗe Palace a Jakara a 1952, shekara guda bayan gobarar El-Duniya wadda ta ci rayuka 331, har mutane da yawa suka ɗauke ta ishara ce daga Ubangiji.

Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sauya masu gidajen, amma ba ta sauya abin da ake haskawa ba; finafinan Indiya suka ci gaba da cin kasuwarsu. Akan ɗora wa Shari'a alhakin mutuwar gidajen, saboda rufe su da gwamnatin Kano ta yi a 2000. Alhali kuwa kaset ɗin bidiyo ya riga ya janye 'yan kallo zuwa ɗakunansu. Yau kuɗin kallon samarin Rogo gidan ƙwallo yake tafiya.