Na je sayen banjo, na dawo da gurmi

Shekarata 19 ina koyarwa a makarantar firamare, fiye da rabinsu a nan Tsauni, ƙasar Kance. A cikin shekarun nan ban san iyakar gwangwanayen da na ƙwace a hannun yara ba. Yaro zai sami gwangwanin madara, ya soka masa kara, ya ɗaura waya, ya ɓoye a ƙarƙashin tebur yana ɗan taɓawa ina tsakiyar darasi. In karɓe, in jefa bayan aji, in ci gaba da lissafi. Ban taɓa juya ko ɗaya na duba yadda aka haɗa shi ba, sai da abin ya biyo ni har gida.

Ɗana na biyu shekararsa 13, yana kwaleji. Bara da kawunsa ya zo mana daga Yamai, yaron ya ga wani bidiyo a wayarsa: wani dattijon Bature mai gemu buzu-buzu yana kaɗa wani abu mai ciki kamar ganga da dogon wuya, yatsunsa suna gudu kamar ana korarsu. Ya kawo mini wayar ya ce, "Baba, ashe Turawa ma suna kaɗa gurmi?" Na yi dariya na kore shi. Daga baya na gano dattijon shi ne Barney McKenna, mutumin ƙasar Ailan, na ƙungiyar mawaƙan The Dubliners, wanda ya rasu a 2012. Abin da yake kaɗawa kuma sunansa banjo.

Kafin mako biyu yaron ya haɗa nasa da gwangwanin tumatir da wayar birkin keke. Dare ya yi, sai ka ji shi a bayan rumbu. Da sakamakon zango na biyu ya fito, makinsa ya sauka daga 12 cikin 20 zuwa 9. A gaban ƙannensa na sa ƙafa na taka gwangwanin. Bai yi kuka ba, bai ce komai ba, kuma karatun bai gyaru ba. Abin da ya sauya kawai shi ne ya daina zama kusa da ni in ana cin tuwo. Mahaifiyarsa ce ta ce mini wata rana, "Malam, gwangwani ka karya, abin yana nan cikin ransa. Gara ka san inda yake yinsa da ya koma yi a inda ba ka gani." Na yi kwana uku ina juya maganar, sannan na kira shi na ce in ya wuce aji da maki 12 zan saya masa na gaske. Ya kawo 13. Alkawari kuwa kaya ne.

To a ina malamin ƙauye zai sami banjo? Wani abokin aikina, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ce ya taɓa ganin ɗaya rataye a wani shagon kayan Turai na hannu a Damagaram, wajen Kasuwar Dole, tsakanin tsofaffin firji da kekuna. Shi abokin nawa ya kaɗa jita a zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce, don haka na roƙe shi ya raka ni. Kafin mu tafi mun shafe darare muna karanta abin da masu kiɗan Ailan suke faɗa a intanet game da sayen tsohon banjo, don kada a yi mana sakiyar da ba ruwa.

Ga abin da muka koya, ko zai amfani wani. Banjo iri-iri ne. Wanda aka fi gani a Amurka yana da tsirkiya biyar, ɗaya gajeriya da ake taɓawa da babban yatsa. Na mutanen Ailan tsirkiyarsa huɗu ce ta ƙarfe, wuyansa ya fi gajarta, da layukan ƙarfe 17 ko 19 a kwance a kan wuyan, kuma da ɗan tsinken roba ake kaɗa shi. Suna ɗaure tsirkiyoyin a kan sautukan G, D, A, E, daidai da na gogen Turawa, sai dai da kauri, kamar bambancin muryar namiji da ta mace a waƙa ɗaya. Barney McKenna ne ya yaɗa wannan ɗauri, kuma yana buƙatar tsirkiyoyi masu kauri fiye da waɗanda aka saba sa wa irin wannan banjo. Mai sayen na hannu ana so ya fara duba wuya ko ya miƙe, sannan layukan ƙarfen ko sun cinye, sannan ƙugiyoyin da suke ɗaure fatar ko sun cika, sannan kunnuwan da ake murɗawa ko suna riƙe sauti.

Muka kama hanya ta Matameye da Takeita, muka isa Damagaram da hantsi. Banjon yana nan, kuma gaskiya ya yi kyau. Ƙarfensa na walƙiya, bayansa katako ne mai santsi da zanen fure. Da ni kaɗai ne da na biya nan take. Mai shago ya ce jaka 60, muka yi ta ja har ya sauko jaka 45, kuɗin da na yi wata huɗu ina tarawa.

Abokina bai kalli zanen furen ba. Ya ɗaga banjon ya sa ido ɗaya daga kansa zuwa cikinsa, kamar mai duba ko sanda ta miƙe, ya ce in duba. Wuyan ya lanƙwasa kamar baka. Tsirkiya biyu da suka rage sun yi sama da katakon har ɗan yatsana yana shiga tsakani, yaro ba zai iya danne su ba sai da ciwo. Ƙugiyoyi biyar babu, sauran sun yi tsatsa. Ya murɗa kunne ɗaya, ya saki, sautin ya zame ya koma inda yake. Ya ce zafin bazara da bushewar hunturu na ƙasarmu ba sa barin katakon da aka yi don ƙasar sanyi, musamman in ya daɗe a rataye ƙarƙashin kwano. Mai shagon bai ɓoye mana komai ba, shi kansa bai san kan abin ba, cikin kaya ya zo masa.

Na ce to ko a gyara? Sai ya ja ni gefe ya ce, "Mushe, bar maganar gyara. A ce ma lafiyarsa ƙalau. In tsirkiya ta tsinke a Tsauni, wa zai ba ka wata? In sauti ya kwance, wa zai ɗaure? Wa zai zauna da yaron ya nuna masa inda zai sa yatsa?" Ba ni da amsa ko ɗaya. Na tuna ɗakin ajiyar makarantarmu, inda wasu kayan gwaje-gwaje da aka kawo mana kyauta suka shekara cikin kwali don ba wanda aka koya wa amfani da su. Muka mayar da banjon kan ƙusarsa.

A mota ina ta tunanin abin da zan faɗa wa yaron. Abin da ya cece ni shi ne wani abu da muka ci karo da shi cikin karatunmu na dare: tambayar da yaron ya yi mini ranar farko, wadda na yi wa dariya, tana da tushe. Banjo ya samo asali ne daga kayan kiɗan da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka haɗa da ƙwarya da fata a tsibiran Karebiyan da Amurka. Wani likita mai suna Hans Sloane ya ga irinsu a Jamaika a wajen 1688, ya sa zanensu a littafinsa na 1707. Masu bincike sun nuna kamannin banjo da akontin na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya, wanda shi ma yake da gajeriyar tsirkiya ta babban yatsa. Sai a shekarun 1840 mawaƙa daga Amurka suka kai banjo Ingila da Ailan. Ba zan ce gurminmu ne ya haifi banjo ba, amma dangi ne: ƙwarya, fata, sanda, tsirkiya, da ɗan jakin da ke ɗaga tsirkiya daga kan fata. Molo da garaya da kuntigi duk 'yan gidan ne.

Da na isa gida na gaya masa gaskiya, na zana masa yadda wuyan ya lanƙwasa, na ba shi wannan tarihi. Ransa ya ɓaci, ban hana shi ba. Bayan kwana biyu shi da kansa ya ce akwai wani tsoho a wani ƙauye kan hanyar Matameye da ya yi wa 'yan kokowa kiɗan gurmi a da, yanzu ya bari. Ashe yaron ya san shi tuntuni. Ni ne malamin da bai sani ba.

Muka je ranar Asabar. Tsohon ya fito da gurmi biyu daga cikin buhu. Ɗaya sabo-sabo ne, an ƙona masa zane a ƙwarya, ɗayan baƙi ƙirin don tsufa, sandarsa ta yi sulɓi a inda hannu yake kamawa. Idon yaron ya tafi kan mai zane, kamar yadda nawa ya tafi kan furen banjo. Tsohon ya ce, "Jikana, kawo kunnenka." Ya ƙwanƙwasa ƙwaryar mai zanen da farce, ta yi wata ƙara kamar fasasshiyar tukunya. Ya ɗaga ta ga rana, sai ga siririyar tsaga an liƙe da ƙaro. Ya ƙwanƙwasa baƙar, ta amsa tas. Ya nuna mana yadda ake duba fata ko gara ko ɓera sun taɓa gefenta, yadda ake girgiza sanda a ji ko tana motsi a cikin ƙwarya, da yadda ake matsar da ɗaurin tsirkiya sama ko ƙasa a kan sanda har sauti ya zauna. Ya ce da damina fata kan saki, sai a ɗan shanya a rana kafin a kaɗa. Tsirkiya kuwa zaren kamun kifi ne, akwai shi a kasuwa. Duk abin da abokina ya duba a jikin banjo, tsohon nan ya duba irinsa a jikin gurmi, shi da bai taɓa shiga aji ba.

Akwai bambanci ɗaya da ya burge ni. Banjo yana da layukan ƙarfe da suke yanke wa yatsa wurin tsayawa, gurmi kuwa sandarsa lami ce, kunne ne kaɗai yake gaya wa yatsa inda zai sauka. Shi ya sa ba a koyonsa daga waya. Dole a zauna gaban wanda ya iya.

Na tambayi kuɗin baƙin. Tsohon ya ce, "Mushe, ba na sayar da shi ga wanda zai rataye a bango. In yaron zai riƙa zuwa, kawo jaka bakwai." Na ba shi goma.

Saura babbar shari'a, wato mahaifiyata. Da ta ga gurmi a gidan ta ce, "Mu ba maroƙa ba ne, ba mu gada ba. Jikan liman da kiɗa?" Ban raina maganarta ba, don na san abin da take tsoro: yawon dare, zaman banza, barin salla, da bin masu kuɗi ana roƙo. Na san kuma malamai suna da maganganu a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, kowane uba ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da na iya gaya mata shi ne labarin Malam Maman Barka, ɗan Tesker a nan jihar Damagaram. Malamin makaranta ne kamata kafin duniya ta san shi da gurmi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Chadi ya zauna gaban Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram na Buduma, ya koya don kada kiɗan ya mutu, kuma har ya rasu a 2018 ana kiransa Malam. Na ambaci Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, da Ɗan Maraya Jos wanda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa Hausawa nasiha shekaru da dama. Ta ce, "Su ne su, wannan jikana ne." Har yau ba ta yarda ba, sai dai ta daina fita daga tsakar gida in ya fara.

Sharuɗɗan da muka yi da yaron uku ne. Ba kiɗa sai an gama aikin makaranta da karatun allo. Ba zuwa wurin biki ko karɓar kuɗin kowa. In maki ya sauka ƙasa da 12, gurmi ya koma buhu har zango na gaba. Sau ɗaya ya koma buhun, na wata uku, kuma bai yi gardama ba don shi ya sa hannu a yarjejeniyar. Kowace Asabar yana hawa keke zuwa wurin tsohon, wani lokaci da ɗan goro ko sukari daga mahaifiyarsa.

'Yan'uwana malamai da iyaye, ba ina cewa kowa ya saya wa ɗansa abin kiɗa ba. Wani ɗan ƙwallo yake so, wani gyaran rediyo, wata ɗinki. Abin da na koya shi ne, kafin ka fitar da kuɗi, kuma kafin ka ɗaga ƙafa ka taka, ka nemi wanda ya san abin ya duba maka, ka tambayi kanka wa zai koyar, wa zai gyara, kuma a gaban idon wa za a yi. Na kusa zubar da jaka 45 a kan abin da zai ƙare a bango, bayan na riga na yi asarar wata uku na hira da ɗana a kan gwangwanin da bai kai dala biyar ba.

Makon jiya na kama wani yaro a ajina da gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur. Na karɓe, don aji aji ne. Amma da aka tashi na kira shi na mayar masa, na tambaye shi yadda ya ɗaure wayar. Ya yi minti goma yana yi mini bayani, yaron da tun farkon shekara ban ji muryarsa ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin sauraronsu.