Motar Gwangwani a Unguwar Glenwood

Ga ɗan abin da na gano a Amurka, ko da zai yi wa wani amfani.

Na sauka a birnin Greensboro, cikin jihar North Carolina, wurin wani ƙanena da ke zaune a wata unguwa ana ce da ita Glenwood. Tsohuwar unguwa ce, an kafa ta tun farkon ƙarni na 20, tana kudu da hanyar jirgin ƙasa da babbar jami'ar garin. Gidajen galibi na katako ne, kowanne da barandarsa, ga manyan itatuwa sun yi wa hanya rumfa. Garin akwai mutanen Nijar da dama, Hausawa da Zabarmawa, har mutum kan ji Hausa cikin kanti. Amma fa sai ka bi titi tun daga farko har ƙarshe ba ka ji hayaniyar yara irin tamu ba.

Ƙanen nan nawa yana da ɗa, shekararsa 7. In na yi masa Hausa sai ya amsa da Turanci, abin ya dame ni ƙwarai. Ran nan ya jawo wani akwati, sai ga ƙananan motoci na ƙarfe fal, irin waɗanda ake kira Hot Wheels, da kamfanin Mattel ya fara ƙerawa a 1968. Wadda ya fi so mai lamba 43 ce, lambar Richard Petty, gwanin tseren mota na jihar, wanda ya ci tsere 200. Ga motoci, amma shi kaɗai yake tura su bisa kafet.

Nan take Aboabo ta Kumasi ta faɗo mini a rai. Mu a zamaninmu wa zai saya maka mota? Sai mu bi juji mu tsinto gwangwanin madara da na kifi, mu buɗe su da dutse da ƙusa. Tsohon silifas shi ne taya, tsinken tsintsiya ya riƙe ta, a ɗaura zare a ja. Da yake ni na fi su hannu, ni ke rubuta wa kowace mota kirarinta da ajami, da tawadar allo. Mu shata hanya a ƙasa: nan Tamale, nan Bolga, can Bawku. Kwata ita ce kogin Yeji, sai an jira jirgin fito. Tsakuwa ce huhun goro, ganye ne kuɗi. Akwai direba, akwai yaron mota, akwai ɗan kamasho, har da ɗan sanda mai tsare hanya. Kafin mu mallaki hankalinmu mun san hanyar fataucin kakanninmu, mun iya ciniki, mun iya lissafi. Biyu daga cikin abokan wasan nan yanzu manyan makanikai ne a Suame Magazine.

To, sai na ce matar ƙanena ta ba ni gwangwanin kifi. Muka zauna a baranda, na yi ta ƙwanƙwasa, yaro na kallo. Na ce, “Miƙo ƙusa.” Ya miƙo. Kafin la'asar ya kama ƙusa, da taya, da zare, da “direba, tsaya!” Yaran maƙwabta biyu suka leƙo, suka shigo wasa. Da magariba sai na ji ya ce, “Baba, a yi wata.” Ita ce Hausar farko da na ji daga bakinsa. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Ni kaina ina da laifi, don na sha ƙwace irin motocin nan hannun almajiraina, ina cewa shiririta ce. Na tuba. Lokacin allo daban, lokacin wasa daban.

Ku kuma 'yan kasuwa masu kawo motocin roba, Allah ya sa albarka a cinikinku. Amma in kun ga yaro ya duƙufa kan gwangwani, kada ku kore shi, sana'a yake koyo, kuma da harshen gida yake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya raya mana zuriya bisa tafarki. Haza wasalam.