Adakar Malam

Shekara huɗu na yi a Samaru ina karanta tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma in za a kirga shigata Laburaren Kashim Ibrahim ba za a cika yatsun hannu biyu ba. Su ma 'yan shigar, kujera da fanka nake bi idan jarrabawa ta matso. Sai in shiga da 'yan takardun lakca da tambayoyin bara, in bi ta gefen kantocin littattafai ko ɗaga kai ba na yi, in haddace abin da zan haddace in fito. A lokacin gani nake dabara ce. Kwali na je nema, duk abin da ba zai fito a jarrabawa ba kuwa na ɗauke shi ɓata lokaci.

Akwai wani abokina ɗan sashen wasan kwaikwayo da ya sha jana zuwa dandalinsu, wanda aka gina da jar ƙasa da zagayayyun ɗakuna kamar gidan ƙauye tun shekarun 1970. Nakan ce masa ni daga ƙauye na fito, ban zo jami'a kallon bukka ba. Lambun sassaƙa na sashen zane kuwa hanya ce kawai a wurina, ta nan nake yanke idan na makara. Ban san cewa a makarantar da ta haifi wannan sashe ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 ba. Haka Dokta Yusufu Bala Usman: sau nawa aka liƙa sanarwar zai yi jawabi, ina cewa sai wani jiƙon. Allah Ya yi masa rasuwa a Satumbar 2005 ban taɓa zama na saurare shi ba.

Duk waɗannan asara ce da ta tsaya a kaina. Wadda ta shafi gidanmu ita ce ke hana ni barci.

Ina aji uku kakana, Malam, ya rasu. Ya bar wata adaka a zaure cike da kundaye, wasu cikin gafaka, wasu an ɗaure su da tsirkiya tsakanin fata biyu. Akwai na Larabci, akwai na ajami, wasu da hannunsa ya rubuta, wasu ya gada wurin mahaifinsa. Bayan sadakar arba'in Baba ya kira ni ya ce, "Kai ne ɗan jami'a. Ka duba ko akwai inda ake adana irin waɗannan a can wajenku." Na ce, "To, Baba," na kuma ƙara da abin da har yau nake jin kunyarsa: na ce masa jami'a wurin boko ce, babu ruwanta da takardun allo. Ban tambayi kowa ba. Na faɗa ne da bakin wanda ya sani, shi kuwa ya yarda, don a ganinsa wanda ya kwana uku a Samaru ya fi shi sanin Samaru.

Aka tura adakar ƙuryar zaure. Damina biyu rufin yana yoyo, gara ta shiga ta ƙasa. Ranar da aka buɗe, abin da ke ciki ya koma dunƙulen ƙasa, in ka taɓa ya marmashe. Falle goma sha ɗaya muka tsira da su.

Sai bayan shekaru, ina aiki a Kaduna, wani aikin ofis ya kai ni taro a Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi ta jami'armu. Da aka tashi shan shayi na bi wasu baƙi zagaye, har muka shiga inda ake ajiye rubuce-rubucen hannu. Na ga takardu irin na Malam sak, da tawadar da jan wasalin, kowanne cikin kwalinsa da lambarsa. Na ba ma'aikacin labarin adakarmu. Ya tambaye ni inda na yi karatu, na faɗa masa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ai a can Samaru, ƙarƙashin sashen tarihi, akwai shirin binciken tarihin Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranta tun shekarun 1960, kuma aikinsu ke nan: bin gidajen malamai, a ari kundi a ɗauki hotonsa a mayar wa mai shi. Murray Last, wanda ya rubuta littafin tarihin Daular Sakkwato da ya fito a 1967, yana cikin waɗanda suka yi wannan yawo.

Sashen tarihi! Ginin da nake wucewa kusan kullum. Kuma a ɗakin kwanan ɗalibai mai sunan Ɗanfodiyo nake kwana duk tsawon lokacin, sunan mutumin da rubutun hannu irin wannan ne ya kawo mana iliminsa.

Ba zan ce wani ya ɓoye mini ba. A makon farko an zagaya da sababbin ɗalibai an nuna musu wurare, ni na tsallake na tafi kasuwar Samaru sayen risho. Allunan sanarwa suna nan, ƙofofin a buɗe suke, kuɗin makarantar da Baba ya sayar da buhunan masara ya biya ya haɗa da duk wannan. Na ci loma ɗaya na tashi daga akushin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambaya ɗaya ta isa, ko masinjan sashen na tsayar da ya nuna mini ƙofar. Girman kai na ɗan aji uku ne ya hana, wai kada a ga ban sani ba.

Na je gida na gaya wa Baba. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Allah Ya sa haka ya fi alheri," ya ci gaba da jan carbinsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bana ɗiyar ƙanwata ta samu gurbi a Samaru, za ta karanta haɗa magunguna. Ranar da na kai ta rajista, da muka gama na ce ta zo mu taka. Ta ce, "Kawu, ina kuma za mu? Ai an gama." Na ce sashen tarihi. Fallayen nan goma sha ɗaya suna cikin ambulan a jakata, na ce ita za ta riƙe, ita kuma za ta yi sallama.