Awon Malami da Mudun Ambato

Tun da na shigo jami'a nake zaune a gidan baffana a unguwar Nassarawa, ba nisa da Gidan Ɗan Hausa. A gidan nan akwai yayana, ɗan baffan, wanda yake koyar da kimiyyar harhaɗa magunguna a wata jami'a. Ran nan da la'asar muna zaune a gindin darbejiya, ina fama da babi na biyu na kundina, sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Ɗan Hausa, dubi nan, lambata ta kai 7." Na ce, "Yaya, lambar me?" Ya ce lambar da ake auna malami da ita. Sa'an nan cikin raha ya tambaye ni ko nawa ce lambar malaman sashenmu. Na rasa amsa. Wannan rashin amsa shi ne dalilin wannan ɗan rubutu, ina kuwa fata malamaina za su yi mini afuwa in na taɓa abin da ya fi ƙarfina.

Asalin al'amarin dai daga Amurka yake. A shekarar 1955 wani mutum mai suna Eugene Garfield ya kawo shawara a mujallar Science cewa a riƙa tattara jerin manazartar da kowace maƙalar kimiyya ta dogara da su, domin a san wa ya ambaci wa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga lauyoyin ƙasarsu, don tun 1873 suna da littafin Shepard mai nuna hukuncin da ya dogara da wani hukunci. A 1964 Garfield ya fito da Science Citation Index, a 1973 aka yi na ilmin zamantakewa, a 1978 kuma na adabi da fasaha. Da fari abin na neman bayani ne kawai, watau ka kama maƙala guda ka bi sawunta ka ga inda ta haifu. Daga baya ne ya zama mudu. A 2004 Scopus da Google Scholar suka bayyana, a 2005 kuma wani masanin kimiyyar lissafin halitta, Jorge Hirsch, ya ƙago lambar da ake kira h. Ga yadda take: in malami yana da maƙala 7 waɗanda aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 7, to lambarsa 7 ke nan. Abin da yayana yake murna a kai ke nan.

Ban raina wannan mudu ba, kuma bai kamata mu raina shi ba. Duk wanda ya san yadda sanayya take shiga sha'anin ƙarin girma zai gane amfanin ma'aunin da bai san ɗan wane ba. Bugu da ƙari, tunanin da ke ƙarƙashinsa namu ne tun fil azal. Malaman zaure ba su yarda da ilmin da ba shi da isnadi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi musamman don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu wurinsu da littattafan da ya karanta, cikinsu har da wansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru, Mervyn Hiskett kuwa ya buga shi da fassarar Ingilishi a 1957. Ashe kuwa wannan ƙididdigar ambato ce irin ta da. Bambancin shi ne, isnadi ɗalibi ne yake ɗaga kai ya nuna mafarin ruwan da ya sha, mudun zamani kuwa malami ne yake waiwaye yana ƙirga masu ambatonsa.

To amma bari mu ɗauki mudun mu kai shi rumbunmu mu gani. Da safe in na fito neman mota nakan wuce ta kusa da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a nan Nassarawa a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. An yi wa ƙa'idojin gyare-gyare da yawa daga baya, har aka kawo haruffa masu lanƙwasa, amma duk mai rubuta Hausa da boko yana tafiya ne bisa turbar da aka share a lokacin. Wane ɗalibi ne yake ambatonsa kafin ya rubuta jimla? Haka nan rabon aikatau zuwa giredi-giredi da F. W. Parsons ya bayyana a 1960: muna cewa giredi na ɗaya, giredi na bakwai, kamar da su aka halicci harshen. Masanin zamantakewa Robert Merton ya lura da wannan tuntuni, cewa aiki yakan shahara har ya narke cikin ilmin kowa, sunan mai shi ya ɓace. Gishiri in ya ji a miya ba a ganinsa, mudu kuwa abin da ake gani kaɗai yake awo.

Wannan ma mai sauƙi ne, domin su Vischer da Parsons tarihi ya riƙe sunansu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da aka ɗebi ilmi daga bakinsu, aka rubuta sunan wani a bango. Ku duba Baba ta Karo. Tsohuwar nan ita ta zauna ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950 a ƙasar Zazzau, aka buga littafin a 1954, bayan rasuwarta. Mary Smith ta kyauta, ta sa sunan Baba a kan littafin. Amma ku buɗe kowane kundi a ɗakin karatu na sashe, abin da za ku gani cikin baka biyu shi ne Smith da 1954. Kowane ambato guda na na'ura yana faɗawa ne cikin asusun wadda ta riƙe alƙalami. Haka littafin Magana Hausa na J. F. Schön na 1885, wanda kaso mai yawa nasa daga bakin Dorugu ya fito. Ƙamus ɗin R. C. Abraham kuwa, bugun 1949 yana ɗauke da sunan Malam Mai Kano tare da nasa, amma bugun 1962, wanda shi ne ya fi yawo a hannunmu, sunan Abraham kaɗai muke kira da shi. Ni kaina sai da na yi shekara biyu ina buɗa ƙamus ɗin kafin in ji an ambaci Malam Mai Kano. Wa ya san kalma nawa ya warware, karin magana nawa ya gyara wa zama?

Na koma wajen yayana da wannan, sai ya ce, "Ai wannan tsohon zance ne, zamanin Turawa. Yanzu fa?" Muka zauna muka yi ta neman sunayen manyanmu a na'ura. Abin da muka gani bai ba ni mamaki ba, amma ya sa jikina ya yi sanyi. Aikin da aka yi da Ingilishi, aka buga a Turai ko Amurka, kamar babban nahawun Paul Newman na 2000, sawunsa a fili yake. Aikin da aka yi da Hausa, aka buga a Zariya ko Kano ko Kaduna, sai an sha wuya. Alhali kuwa da wuya ka ɗaga kundin digiri a kan adabi ba ka ci karo da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988 ba, ko Rabe-Raben Adabin Hausa na Abdulƙadir Ɗangambo na 1984, ko Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau na 1993. Ambaton yana nan jibge, sai dai yana kwance cikin kundaye masu baƙin bango a kan kanta, inda na'ura ba ta leƙawa. Scopus da takwarorinsa zaɓen mujallu suke yi, akasarinsu kuwa na Ingilishi ne. Ga kuma wata ƙaramar matsala mai ban dariya: sunan mutum guda a rubuta shi da ɗ nan, da d can, wani ya sa sunan gari a gaba, wani sunan uba, sai na'ura ta raba malami ɗaya gida uku.

Illar da nake tsoro ita ce, in ƙaramin malami ya lura cewa maƙalarsa ta Hausa ba ta shiga mudu, ta Ingilishi kuwa tana shiga, ba sai an ce masa kome ba, da kansa zai sauya harshe. Sai a wayi gari sashen da aka kafa don raya Hausa yana nazarin Hausa da bakin wasu, kalmomin fannu da magabata suka sha wahalar ƙirƙira su tsufa ba mai amfani da su. Ga shi kuma mudun yana da algus ko a can inda aka ƙera shi. Wanda aka ambata don a ƙaryata shi, da wanda aka ambata don a yaba masa, duk ɗaya ne a lissafi. Wasu sun mai da ambato biki, ka yi mini in yi maka. Shi ya sa a 2012 wasu masana suka taru a San Francisco suka tsara sanarwar da ta ce a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga aiki a ciki. Yayana ya amsa wannan, amma ya ce shi dai ba zai mai da 7 ɗinsa ba.

Daren nan na ɗauko kundina. Aikina a kan waƙoƙin daka ne da na niƙa, kusan duk abin da ke babi na uku kuwa daga bakin wata tsohuwa na same shi, ƙanwar kakata, wadda na yi wa sintiri sau da dama da rikoda. Da na duba sai na ga na ambaci wani Bature sau biyar saboda jimla guda da ya yi a kan aikin mata, ita kuwa Inna na tura ta can ƙarshe, bayan manazarta, cikin jerin waɗanda aka yi hira da su, tsakanin wani mai shayi da wani direba. Kunya ta kama ni, don abin da nake zargin su Abraham da shi na aikata da hannuna.

Washegari na kai wa malamin da ke duba aikina wannan damuwa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce tsarin manazarta ba nawa ba ne balle in sauya, amma ba wanda ya hana ni ambaton ta a cikin matani duk inda maganarta ta zo, da sunanta da garinsu da ranar hira, kamar yadda zan yi wa kowane marubuci. Na kwana uku ina bin babin layi-layi ina mayar mata da kayanta. Da na je gaishe ta ranar Juma'a na gaya mata cewa sunanta ya shiga littafi, sai ta ce in dai haka ne in gyara, domin waƙar niƙan nan ta biyu ba tata ba ce, wajen kishiyar uwarta ta koya.